Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin hukumomin tattara haraji na jihohin Arewa

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Ni akawu ne a wata makaranta mai zaman kanta, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ni nake shirya albashin ma'aikatanta, daga shugabar makaranta har mai gadi. Duk ƙarshen wata nakan zauna gaban kwamfuta in cire wa kowa harajinsa tun kuɗin bai shiga asusunsa ba, in tura muku kafin ranar 10 ga wata mai kamawa. A watan Janairu kuma in haɗa muku jadawalin shekara gaba ɗaya, da sunan kowa da abin da ya samu da abin da aka cire masa. A taƙaice ni ma ma'aikacinku ne, sai dai ba ku taɓa biyana ko sisi ba. Wannan aikin kyauta shi ya ba ni ɗan hurumin yi muku magana a bainar jama'a.

Bari in fara da yabon abin da ya cancanci yabo, don kada a ce na zo da ƙiyayya. Dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sanya wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda aka fara aiki da sabon jadawalinsu ranar 1 ga Janairun 2026, sun sauƙaƙa wa ƙananan ma'aikata. Naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a taɓa ta. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ya fita daga lissafi. Da na gama shigar da sababbin alƙaluman a watan Janairu, na ga masu shara da mai gadi da direban motar ɗalibai duk harajinsu ya koma sifili, kuma wallahi na ji daɗi. Daga nan ne jadawalin yake hawa: kashi 15 har zuwa naira miliyan 3, kashi 18 zuwa miliyan 12, kashi 21 zuwa miliyan 25, kashi 23 zuwa miliyan 50, sannan kashi 25 a kan duk abin da ya haura. A tsohuwar doka ƙololuwar ita ce kashi 24, amma saboda rangwamen da ake yi wa kowa na fiye da kashi 20 na samunsa, babban mai albashi bai taɓa biyan abin da ya wuce wajen kashi 19 ba. Yanzu an soke wancan rangwame. Idan mutum yana samun naira miliyan 60 a shekara, lissafina ya ba ni naira miliyan 12 da dubu 930. A takarda, wannan tsani ne mai kyau.

Ina da ƙorafi a kan tsanin kansa. Naira 800,000 a shekara ba ta kai naira 2,200 a rana ba, kuma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya san abin da wannan kuɗin yake saye a kasuwa. Wanda ya ɗan haura ta sai ya faɗa kashi 15 kai tsaye, alhali mai miliyan 51 da mai biliyan 5 kashi ɗaya doka take ɗora musu a sama. Ghana da Kenya suna kai wa kashi 35, Afirka ta Kudu kashi 45. To amma wannan maganar Majalisar Tarayya ce, ba taku ba, kuma ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da yake naku shi ne: wa kuke isa gare shi, wa kuma kuke tsallakewa? Harajin samun kuɗin mutum ɗaya-ɗaya ba hukumar tarayya ce take karɓa ba, in ban da na sojoji da 'yan sanda da ire-irensu. Jihar da mutum yake zaune ita take karɓa. Wato ku. Doka tana iya rubuta kashi 25 da manyan baƙaƙe, amma idan ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar mai kashi 25 ɗin, rubutun ado ne kawai.

Akwai wata malamar lissafi a makarantarmu, mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Albashinta naira 150,000 a wata, miliyan ɗaya da dubu 800 a shekara. Kafin a yi maganar fansho da sauran abin da doka ta yarda a fara cirewa, harajinta naira 12,500 ne a wata. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa ragewa ba, don ba ta ma taɓa riƙe kuɗin a hannunta ba. Da na yi wa malamai bayanin cewa sabuwar doka ta ba mai haya rangwamen kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyakarsa naira 500,000, ita ce ta fara zuwa ofishina da ɗan littafinta. Hayarta naira 400,000 a shekara. Muka buga: rangwame dubu 80, abin da zai rage mata a haraji dubu 12 a shekara, wato naira dubu ɗaya a wata. Ta ce, "Malam, ai dubu ɗaya kuɗin mota ne na kwana biyu, zan nema." Na ce mata sai ta kawo shaidar abin da take biya.

Ta je wurin wakilin mai gidan. Ya ce mata Alhaji ba ya son rubuce-rubuce. Ta koma, ya ce zai gaya masa. Zuwa na uku ya fito mata a mutum: in rasit take so mai suna da adireshi, to ta sani za a duba kuɗin hayarta a sake, kuma akwai masu jiran gidan. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofata, ba ta ma shigo ba, ta ce in bar maganar. Gidan da take ciki ɗaya ne daga jerin gidaje iri ɗaya, fenti ɗaya, ƙofa ɗaya, da suka cike layin daga farko har ƙarshe, kuma yaron unguwa ma ya san mai su. Ranku ya daɗe, ku ne kuke da rajista. Ku buɗe ku duba sunan wannan malama, za ku same shi wata goma sha biyu cur. Sai ku duba na mai layin.

Abin nan ba zargi ba ne daga bakin ɗan adawa. Gwamnati da kanta ta faɗa. A shekarar 2017, lokacin da Farfesa Yemi Osinbajo yana muƙaddashin shugaban ƙasa ya ƙaddamar da shirin VAIDS, wanda ya yi wa masu ɓoye dukiya afuwa in sun fito da kansu sun bayyana, ya ce mutum 214 ne kacal a duk Najeriya suke biyan harajin naira miliyan 20 zuwa sama a shekara, kuma dukkansu a Legas suke. Ku tsaya a kan wannan kalmar ta ƙarshe. Ma'anarta a wancan lokaci babu mutum ɗaya a jihohi goma sha tara na Arewa. Ga Kantin Kwari, ga Singa, ga Dawanau inda ake loda tirela-tirela na riɗi da citta da zoɓorodo, ga masu gidajen mai jere a kan kowace babbar hanya, ga 'yan canji, ga 'yan kwangila, ga masu rukunin gidaje, amma ba a samu mutum ɗaya ba. Wancan adadi ya tsufa yanzu. Ina roƙon kowace jiha ta fito da sabo: mutum nawa ne a jiharku suka biya naira miliyan 10 zuwa sama a bara? Ba suna nake nema ba, na san doka ta ce a rufa asirin mai biyan haraji. Adadi kawai. Sannan ku faɗi, cikin abin da kuka tara na harajin mutane, nawa ya fito daga albashi, nawa ya fito daga waɗanda kuke yi wa ƙiyasi kai tsaye. Duk shekara kuna kiran 'yan jarida ku sanar da biliyoyin da kuka tara, a tafa muku. Ku raba mana biliyoyin nan gida biyu mu gani.

Dalilin wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Mai kuɗi na gaske ba da albashi yake rayuwa ba. Samunsa yana zuwa ta haya, ta sayar da fili, ta ribar kaya, ta kamasho, ta ribar hannun jari da ake cire wa kashi 10 tun a tushe. Idan yana da kamfani, sai ya rubuta wa kansa ɗan albashi na jeka-na-yi-ka, motarsa ta kamfani ce, man motar na kamfani ne, gidan da yake kwana na kamfani ne, tikitin jirgin iyalinsa ma na kamfani ne. Idan buƙata ta taso, misali zai nemi kwangila ko takardar mallakar fili ko zai tsaya takara, sai a aika yaro ya je ya karɓo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku. Mu akawu-akawu mun san yadda ake samun wannan takarda. A zauna, a yi ciniki kamar ana sayen rago, a rubuta masa samun da bai kai na shugabar makarantarmu ba, a buga hatimi. Mutumin da zai sayi fom ɗin takara na miliyoyi gobe, yau a takarda talaka ne. Kuma wanda ya buga hatimin ya san motar da aka zo da ita.

Na fahimci abin da ya sa hannunku ya fi saurin kai wa gare mu. Mu muna da sauƙi. Makaranta tana da allo a bakin ƙofa, tana da asusun banki, tana tsoron a garƙame ta da kwaɗo a gaban iyayen yara. Jami'inku ɗaya da takarda ɗaya ya isa ya girgiza mu. Shi kuwa babban mutum yana da lauya, yana da akawun da ya fi ni sanin lungu, kuma fiye da duka yana da lambar wayar wanda ya naɗa ku. Ban raina wannan matsala ba. Na san shugaban hukuma yana iya aika wasiƙa da safe, kafin la'asar a kira shi daga sama a ce masa wane na gida ne. Amma sakamakon dai shi ne an bar jaki ana dukan taiki, kuma taikin ya fara yagewa.

Akwai kuma waɗanda ke ƙasa da malamarmu, waɗanda sabuwar doka ta ce ba sa cikin masu biya, amma titi bai ji wannan labari ba. Mai adaidaita sahu yana yankar tikiti kullum. Mai tebur a kasuwa tana biyan kuɗin wuri, kuɗin shara, kuɗin ƙungiya. Mai kai tumatir ko shanu Kudu yana tsayawa shinge bayan shinge yana miƙa hannu ta taga, alhali tun 1998 akwai dokar da ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji. A ce tikitin naira 200 ne a rana, mutum ya fita kwana 300: naira 60,000 ke nan a shekara, ko ya samu ko bai samu ba, ko injin ya buga ko yaro ya kwana asibiti. Wannan ba harajin samu ba ne, harajin kai ne. Kakanninmu sun san shi. Sun san ranar da dagaci yake zagaye da littafi, sun san mutumin da aka shanya a rana don bai cika kuɗin ba, sun san wanda ya bar gari da dare saboda kunya. Malam Aminu Kano da 'yan NEPU sun sha ɗauri a kan irin wannan, har aka zo 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Abin da aka kora ta ƙofar gaba a 1979 ya dawo ta taga, da riga mai ƙyalli da bandir ɗin tikiti. Na san za ku ce yawancin waɗannan na ƙananan hukumomi ne da ƙungiyoyi. Haka ne. Amma kuna zaune a Hukumar Haɗin Gwiwa ta tattara kuɗaɗen shiga, wadda aka kafa don daidaita irin wannan, kuma mai adaidaita bai san bambancin rigunanku ba. Gwamnati ɗaya yake gani.

Na sha zama da masu hali, iyayen ɗalibanmu ne da yawansu, kuma na san amsoshinsu biyu. Ta farko: "Ai ina fitar da zakka." Allah ya karɓa. Amma zakka tana da gidajenta takwas da Alƙur'ani ya ambata, kuma ɗaya bisa arba'in ce ta dukiyar da ta kai nisabi ta shekara. Ba a taɓa ce wa malamin makaranta ya kawo shaidar sadakarsa a yafe masa harajin wata ba. Tirelar Alhaji kuma a kan kwaltar gwamnati take tafiya, takardar filinsa gwamna ne ya sa mata hannu, in aka taɓa sitonsa ɗan sanda ake kira, in aka cuce shi a ciniki kotu yake zuwa. Mai dukiya ya fi kowa cin moriyar hukuma, don shi ne yake da abin da za a tsare.

Amsa ta biyu ta fi nauyi: "In na biya ma sacewa za a yi." Ba zan yi musu da wannan ba, don ni ma ina da ido. Ina biyan haraji, ina sayen ruwa wurin 'yan garuwa, muna haɗa kuɗi a layinmu mu gyara taransifoma, mu biya 'yan sintiri. Amma malamarmu ma tana da wannan hujjar, kuma tata ta fi ƙarfi, don ita ce take kai yaro asibitin gwamnati a rubuta mata magani ta fita waje ta saya. Bambancinta da Alhaji kawai shi ne ita ba a tambayarta. Akwai ma wani abu da na lura da shi: ranar da manyan gari za su fara biyan miliyoyi daga aljihunsu, ranar ne za a fara tambayar gwamna ina kuɗin suka shiga, da muryar da ake ji. Mu in mun yi magana, sai dai a Facebook. Ina zargin shi ya sa ɓangarorin biyu suka gamsu da yadda abin yake: kada ka tambaye ni haraji, ba zan tambaye ka lissafi ba.

A ƙarshen 2024 gwamnoninmu da sarakuna sun taru a Kaduna sun yi tsayin daka a kan yadda za a raba harajin VAT, aka yi ta kai ruwa rana har aka sauya tsarin rabon kafin dokar ta wuce. Na yaba da wannan. Sai dai na so a ce ko rabin wannan zafin an juyo da shi cikin gida. Mun iya faɗa a kan kason da za a aiko daga Abuja, amma kuɗin da yake kwance a unguwannin manya na manyan biranenmu, wanda doka ta ce namu ne ɗungurungum ba sai an raba da kowa ba, shi ba a kira taro a kansa.

Kuma yanzu ba ku da uzurin rashin kayan aiki. Lambar NIN ta zama lambar haraji ga mutum. Doka ta wajabta wa bankuna su riƙa kawo rahoton asusun mutumin da hada-hadarsa ta kai miliyoyi masu yawa. Ribar sayar da kadara, wadda a da kashi 10 ce ga kowa, yanzu tana bin tsanin nan har kashi 25. Ma'aikatar filaye tana nan a sakatariya ɗaya da ku, da sunan duk mai fuloti goma. Ofishin rajistar motoci yawanci ma a ƙarƙashinku yake. Ofishin akanta janar ya san duk wanda aka biya kuɗin kwangila. Ko rangwamen hayar nan da malamarmu ta haƙura da shi, ai taska ce aka miƙo muku: duk mai hayar da ya cike takarda, ya nuna muku wani mai gida ke nan. Abin da ya rage shi ne ku tsare mai hayar, ku karɓi shaidar tura kuɗi ta banki a madadin rasit, ku kuma sa mai gida ya san cewa ba sai mai haya ya kai ƙararsa za a same shi ba. Ku ware ƙwararrun ma'aikata 'yan kaɗan, ku biya su albashin da zai hana su kallon ambulan, ku ba su fayil ɗari biyu na manyan jiha, su bar masu shayi su huta. Mutum ɗaya mai samun miliyan 60 da ya biya daidai ya fi malamai tamanin irin tamu.

In kuna son a yarda da gaske kuke, ku fara da gidan da ya fi wuya. Ku je wa mai girma gwamna da kwamishinoninsa da 'yan majalisar jiha ku ce musu ranar 31 ga Maris, wa'adin da doka ta ba kowane mutum ya bayyana samunsa na shekara, su ma ya shafe su, kuma ba albashin ofis kaɗai ba, har gonar da gidajen da kamfanin da ke da sunan ƙane. Wanda ya ga ba abin kunya a takardarsa, ya nuna wa jama'a da kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ba ƙiyayyar masu kuɗi ce ta sa ni wannan rubutu ba. Mai makarantarmu mai kuɗi ne, da jarinsa nake cin abinci, kuma ina yi masa fatan ƙari. Akwai attajiran da suke biya tsakani da Allah, su ma ana cutarsu, don suna gasa da wanda ba ya biya. Ku ma a cikinku akwai ma'aikatan kirki, na haɗu da su, wani ya taɓa zama da ni awa biyu yana gyara min kuskuren da na yi a jadawali bai karɓi ko ruwa ba.

Wata ya kusa ƙarewa. Jibi zan buɗe kwamfuta in sake jera sunayen, in cire wa malamar lissafi nata ba tare da rangwamen haya ba, in tura muku kafin ranar 10 kamar kullum. Za ku same shi cif-cif.

Na gode, ranku ya daɗe. Wassalam.

Naku,
Wani akawun albashi